Sabuwar Kwamfuta Tana Nauyi, Tana Sandarewa: Yadda Za Ka Gano Matsalar Ka Gyara Ta

Babu tambayar da aka fi yi mini a 'yan kwanakin nan kamar wannan: mutum ya sayi kwamfuta sabuwa fil, ko ledar jikinta bai gama ɓarewa ba, amma in ya danna abu sai ya yi ta jira, wani lokacin ma ta sandare gaba ɗaya, linzami ya ƙi motsi. Abin da ciwo, domin kuɗi aka tara aka saya. Ga hanyar da nake bi, a kan Windows 11, tunda ita ce ke zuwa a yawancin sababbin kwamfutoci. Sunayen maɓallai da wurare na bar su yadda za ka gan su a rubuce a kan allo, don kada ka ɓata.

Ƙa'ida ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: kada ka yi gyara bisa zato. Ka duba tukuna, ka canza abu ɗaya, ka gwada, sannan ka wuce na gaba. Wanda ya canza abu biyar a zama ɗaya, ko kwamfutar ta warke bai san me ya warkar da ita ba, in kuma ta ƙara lalacewa bai san wanne zai mayar ba.

Kayan aikin ba su da yawa: caja, intanet mai ɗan ƙarfi, filas ko faifan waje, takarda da biro, sai rasit da takardar garanti. Daga mataki na 1 zuwa na 10 ba za ka biya komai ba, sai kuɗin data.

1. Duba wa'adi, ka kwashe fayilolinka

Ɗauko rasit ka ga kwana nawa mai sayarwa ya ba ka na mayarwa ko canji. Garantin kamfani yawanci shekara ɗaya ne, amma wa'adin canji a hannun mai sayarwa gajere ne ƙwarai, kuma shi ya fi sauƙin amfani. Rubuta ranar da zai ƙare. Duk binciken nan ka gama shi kafin ranar.

Sai ka kwafe hotuna da takardunka zuwa filas. Bayan haka ka rubuta Create a restore point a akwatin bincike, ka kunna kariyar idan a kashe take, ka danna Create. Wannan ne zai ba ka damar komawa baya idan wani gyara ya ɓaci.

Gargaɗi: sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifansu a kulle da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai, ba tare da mai su ya sani ba. Makullin lambobi 48 ne, kuma idan da asusun Microsoft ka shiga, yana ajiye a shafin asusunka, a sashen na'urori. Nemo shi ka rubuta a takarda yanzu. Wasu matakai na gaba suna iya sa kwamfutar ta nemi makullin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Idan a sandare take yanzu

Danna Caps Lock ka kalli 'yar fitilarsa. In tana kamawa tana ɗaukewa, kwamfutar tana da rai, wata manhaja ce ta riƙe ta. Ba ta minti biyu ko uku. In shiru, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, zai buɗe, ka zaɓi manhajar da aka rubuta Not responding a gefenta, ka danna End task. In allon ne kawai ya daskare amma sauti yana tafiya, danna Windows da Ctrl da Shift da B. Allon zai ƙifta, ka ji ɗan ƙara, direban hoto, manhajar da ke tafiyar da abin da allo ke nunawa, ya sake tashi.

Sai duk waɗannan sun ƙi sannan ka danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 10 har ta mutu.

Gargaɗi: kada ka yi haka idan allon yana nuna ana sabunta Windows, ko da kashin da yake ƙirgawa ya daɗe bai motsa ba. Kashe ta a tsakiyar wannan aiki yana lalata fayilolin tsarin, har ta ƙi tashi.

Duk sanda ta sandare, rubuta lokaci da abin da kake yi: kallon bidiyo, buɗe burauza, farkawa daga barci, cire caja. Wannan takardar za ta yi maka amfani fiye da yadda kake tsammani.

3. Bar ta ta gama shirinta

Nan ne mutane da yawa suke yi wa kwamfuta rashin adalci. Ta yi watanni a kwali kafin ta zo hannunka, Microsoft kuwa tana fitar da sabuntawa a Talata ta biyu ta kowane wata. Ranar da ka haɗa ta da intanet, sai ta hau sauke duk abin da ya wuce ta. A daidai lokacin kuma tana jera sunayen fayiloli don bincike, tana duba ƙwayoyin cuta, OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, ma yana nasa kwashe-kwashen. Nauyin kwana ɗaya ko biyu na farko sau da yawa wannan ne kawai.

Saka caja. Shiga Settings, sai Windows Update, ka danna Check for updates. Bari ta sauke, ta sake tashi, ka koma ka sake dannawa. Ka maimaita har ta ce babu saura. Yakan kai zagaye biyu ko uku. Buɗe Microsoft Store ma ka sabunta manhajojin ciki. In ka gama, bar ta a kunne, a kan caja, na wasu sa'o'i ba ka taɓa ta ba.

Ka yi amfani da Restart, ba Shut down ba. A Windows, Shut down ba ya kashe komai da komai, saboda wani tsari da ake kira Fast Startup yana ajiye zuciyar tsarin a faifai don ta tashi da sauri. Ke nan duk abin da ya cukuikuye zai dawo tare da ita. Restart ne ke wanke shi.

Wani lokacin kuma sabuntawar ce ta kawo matsalar. Idan lafiya lau take sai bayan wata sabuntawa ta fara sandarewa, shiga Update history, can ƙasa akwai Uninstall updates, ka cire ta ƙarshe ka gani.

4. Tambayi Task Manager wa ke cinye ƙarfin

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, don haka kada ka yi gaggawa a kansa. Buɗe Task Manager a lokacin da nauyin yake faruwa, ba bayan ya wuce ba. A sashen Processes za ka ga ginshiƙai huɗu: CPU (firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta), Memory (RAM, wurin da take riƙe aikin da ake yi a lokacin), Disk (faifai), Network (intanet). Danna kan wanda kashinsa ya fi yawa, sai ya jera maka manhajoji daga mafi ci zuwa ƙasa.

Idan CPU ne ya kai kashi 90 zuwa 100 kana zaune ba ka komai, duba sunan da ke sama. In ka ga Windows Modules Installer Worker, sabuntawa ce, ka ƙyale shi. In Antimalware Service Executable ne, mai gadin Windows ne yake sintiri, shi ma zai lafa. In kuwa wata manhaja ce da ba ka sani ba, danna ta da maɓallin dama ka zaɓi Search online ka ga ko mece ce kafin ka taɓa ta.

Idan Memory ne ya wuce kashi 85 kullum, RAM ɗin ne ya yi kaɗan ga aikin da kake yi. Shiga Performance, sai Memory, ka ga nawa ne. Windows 11 tana karɓar 4 GB a matsayin mafi ƙaranci, amma karɓa daban, jin daɗin aiki daban. Da 4 GB, Windows kanta ta cinye kaso mai yawa kafin ka buɗe komai. Da zarar RAM ya cika, sai tsarin ya koma aron wuri a faifai, faifai kuwa bai kai RAM sauri ba ko kusa, shi ya sa kake ganin tsayawar daƙiƙoƙi in ka sauya daga wannan taga zuwa waccan. A ganina 8 GB shi ne farkon abin arziki, 16 GB kuma shi ne kwanciyar hankali. Burauza ce ta fi kowa cin RAM. A Chrome ko Edge, danna Shift da Esc ka ga wane shafi ne ko wane ƙari ne mai haɗamar.

Idan Disk ne ya manne a kashi 100, koma Performance ka danna Disk, za ka ga an rubuta irinsa, SSD ko HDD. Tsohon samfurin HDD yana da faranti mai juyawa, na laftof galibi sau 5400 a minti, kuma abin da yake karantawa bai fi wajen 100 MB a daƙiƙa ba. SSD, sabon samfuri marar faranti, iri biyu ne: na SATA yakan kai wajen 500 MB, na NVMe kuwa dubbai. In kwamfutarka da HDD ta zo, to ka gano babban dalilin nauyin, kuma babu wani saiti da zai mayar da jaki doki. Wasu laftof masu araha kuma suna zuwa da ma'ajiyar eMMC ta 64 GB, wadda sabuntawa kaɗai ke iya cika ta.

Duba sararin da ya rage a Settings, System, Storage. Ka bar aƙalla kashi 15 zuwa 20 babu komai. Kunna Storage Sense a wurin, ya riƙa share tarkacen wucin gadi da kansa.

In duk ginshiƙan suna ƙasa amma duk da haka tana sandarewa, ka ajiye wannan a ranka. Alama ce ta direba ko ta kayan ciki, za mu zo kansu.

5. Rage masu tashi tare da ita, ka cire kayan cushe

A Task Manager ɗin dai, shiga Startup apps. Duk abin da aka rubuta Enabled yana tashi ne da zarar ka kunna kwamfuta, ko kana bukatarsa ko ba ka bukata. Dubi ginshiƙin Startup impact, ka fara da masu High: manhajojin hira, na kiɗa, na wasanni. Danna dama, Disable. Wannan ba ya goge su, kawai sai ka kira su za su zo.

Gargaɗi: kada ka kashe Windows Security, ko abin da ya shafi sauti da allon shafawa na laftof.

Sai Settings, Apps, Installed apps. Kamfanoni sukan cusa manhajojin gwaji da na talla a sabuwar kwamfuta. Karanta jerin a hankali ka cire wanda ka tabbata ba ka so. Wanda ba ka gane ba, bincika sunansa tukuna. Ka bar duk mai suna Microsoft Visual C++, da masu sunan Intel, AMD, NVIDIA ko Realtek, domin wasu abubuwa a kansu suka dogara.

Maganar riga-kafin ƙwayoyin cuta tana bukatar a tsaya. Windows tana zuwa da nata, Microsoft Defender, kyauta, kuma ya wadatar ga mai amfanin gida. Sabuwar kwamfuta kan zo da wani na gwaji, mai ita kuma ya ƙara na uku don yana ganin yawansu shi ne tsaro. Ba haka ba ne. Biyun da aka ƙara za su riƙa binciken duk fayil ɗin da aka taɓa, har su riƙa binciken juna, kwamfutar ta rasa numfashi. Zaɓi ɗaya, ka cire sauran, ka yi Restart, sannan ka buɗe Windows Security ka tabbata kariyar tana kunne. Daga nan ka yi Full scan sau ɗaya, musamman idan wani ya ɗora maka manhajojin sata kafin a miƙa maka kwamfutar.

Gargaɗi: duk manhajar da ta fito tana cewa ta gano kurakurai dubu a kwamfutarka, ka biya ta gyara, ko ta ce za ta ninka maka sauri, ko ta sabunta maka direbobi duka a danna ɗaya, ka guje ta. Garin gyaran gira ake rasa ido.

6. Wuta da zafi

Shiga Settings, System, Power & battery, ka dubi Power mode. In yana kan Best power efficiency, mayar da shi Balanced ko Best performance. Laftof tana rage ƙarfinta da gangan in tana kan batir, haka ma in cajar da aka saka mata ba ta kai ƙarfin tata ta asali ba. Yi gwajinka da cajar da ta zo a kwali.

Zafi kuma: firosesa in ya kusa digiri 95 zuwa 100 na Selsiyos, yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Alamar ita ce kwamfuta ta fara da sauri, bayan minti 15 ko 20 ta yi nauyi, fanka tana ta kuka. Ɗauke ta daga kan katifa ko matashi ka ɗora a kan tebur, domin ta ƙasa take shan iska. Manhajar HWiNFO kyauta ce, za ta nuna maka zafin. Sabuwar kwamfuta da ke kaiwa 90 ba ta aikin komai, ko wadda tana da fanka amma ba ta juyawa ko da ta yi zafi, wannan aibi ne daga masana'anta. Kada ka kwance ta, rubuta shi a takardarka.

Masu kwamfutar tebur mai katin hoto daban: leƙa baya ka tabbata wayar allo a jikin katin take, ba a ramin da ke sama kusa da ramukan USB ba. Kuskure ne da ake yawan yi.

7. Direbobi da BIOS

Direba ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin Windows da wani ɓangare na kwamfuta, kamar katin hoto ko na intanet. Sandarewar da ke zuwa lokacin bidiyo, ko bayan farkawa daga barci, sau tari daga nan take. Fara da Windows Update, Advanced options, Optional updates. Sai manhajar kamfanin da ya ƙera kwamfutar: Lenovo Vantage, HP Support Assistant, Dell SupportAssist ko MyASUS. Daga waɗannan wurare biyu, ko shafin kamfanin kansa, nan kawai za ka ɗauki direba.

In sabon direba ne ya ɓata lamarin, buɗe Device Manager, danna na'urar sau biyu, shiga Driver, ka zaɓi Roll Back Driver.

Gargaɗi: in manhajar kamfanin ta kawo sabuntawar BIOS, manhajar allon ciki da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ka yi, domin takan magance sandarewa a sababbin samfura. Amma sai batir ya cika, caja tana jiki, makullin BitLocker yana hannunka. Allon zai iya yin baƙi na wasu mintuna, kada ka taɓa komai. Wuta ta yanke a tsakiyar wannan aiki, kwamfutar tana iya ƙin tashi kwata-kwata.

8. Ware mai laifi

Danna Windows da R, rubuta perfmon /rel, ka danna Enter. Za ka ga jadawalin kwanaki, da jajayen alamomi a ranakun da wani abu ya faɗi. Ɗauko takardarka ka gwada lokutan. In suna ɗaya ne ke maimaituwa daf da kowace sandarewa, ka kama ɓarawonka: sabunta shi ko ka cire shi.

In bai nuna ba, cire duk abin da ke maƙale ta waje, firinta, filas, kyamara, ka yi aiki haka na yini guda. Sannan ka gwada Safe Mode: riƙe Shift ka danna Restart, sai Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, ka danna 4. A nan Windows tana tashi ne da abin da ya zama dole kaɗai. In ta yi lafiya a nan, matsalar manhaja ce ko direba. In ta sandare har a nan, zargi ya koma kan kayan ciki.

Don gano wace manhaja ce, rubuta msconfig a akwatin Windows da R, shiga Services, saka alama a Hide all Microsoft services, sannan Disable all, ka yi Restart. In nauyin ya tafi, dawo da rabinsu ka gwada, ka ci gaba da rabawa biyu har ya rage ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci, amma ba ya ƙarya.

Gargaɗi: alamar Hide all Microsoft services ita ce farko. In ka manta ta ka kashe duka, kana iya kasa shiga kwamfutarka da lambar sirrinka.

9. Gwada lafiyar Windows, RAM da faifai

Danna Start da maɓallin dama, zaɓi Terminal na Admin, ka rubuta wannan, da intanet a haɗe:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Yakan yi kamar ya tsaya a hanya, ka yi haƙuri da shi. In ya gama, sai wannan:

sfc /scannow

Na farko yana gyara rumbun da na biyu ke ɗibar fayiloli masu kyau daga ciki, shi ya sa yake gaba.

Don RAM, rubuta mdsched a akwatin Windows da R, ka yarda ta sake tashi ta yi gwaji. Don faifai, CrystalDiskInfo kyauta ce: Good lafiya, Caution ko Bad a sabuwar kwamfuta kuwa ba abin lallaɓawa ba ne. Wasu kamfanoni suna da gwajinsu tun kafin Windows ta tashi: a Dell ta F12, a HP ta Esc sannan F2. Kuskure ko guda ɗaya ya fito, ɗauki hotonsa da waya tare da lambarsa, ka tsallake zuwa mataki na 11.

10. Mayar da Windows sabuwa

In gwaje-gwajen sun fito lafiya amma matsalar tana nan, shiga Settings, System, Recovery, Reset PC. Keep my files zai bar takardunka ya cire manhajoji, Remove everything zai share komai. Tunda kwamfutar sabuwa ce kuma ka kwashe fayilolinka, na biyun ya fi tsabta. Cloud download yana cin data sama da 4 GB, amma sabon kwafi yake kawowa. Ka bar caja a jiki har ta gama.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne a mayar da duk manhajoji a rana ɗaya. A'a. Sabunta Windows, ka yi aiki da ita haka kwana ɗaya ko biyu, sannan ka riƙa saka manhaja ɗaya-ɗaya.

11. Mayarwa ko ƙarin kaya

Kwamfutar da ta sandare bayan an wanke ta tas, babu manhajar kowa a kanta, ba aikinka ba ne kuma. Kwashe fayilolinka, fita daga asusunka, ka ɗauki rasit, hotunan da ka ɗauka da takardar lokutan nan, ka koma wurin mai sayarwa ko cibiyar garanti. Mutumin da ya zo da shaida a rubuce ba a sallamarsa da “je ka sake gwadawa”. Kada ka bari wani mai gyara ya buɗe ta kafin nan, domin ɓarnar da aka yi wajen buɗewa garanti ba ya ɗaukarta.

In kuwa lafiyarta ƙalau, ƙarfinta ne bai kai ba, kuma wa'adin canji bai wuce ba, ƙara kuɗi ka canza zuwa mai SSD da RAM isasshe ya fi ƙarin kaya daga baya. In wa'adin ya wuce, SSD ne farkon abin saya ga mai HDD, sai RAM. Kafin ka biya, duba Slots used a sashen Memory na Task Manager, ka kuma nemi bayanin samfurinka a shafin kamfani, saboda laftof sirara da yawa RAM ɗinsu a like yake da allon ciki, ba ya ciruwa ba ya ƙaruwa. Ka tabbatar da irinsa ma: DDR4 ba ya shiga ramin DDR5, na kwamfutar tebur kuma ba ya shiga laftof. Tafi da cikakkiyar lambar samfurin, tana rubuce a ƙasan laftof ko a jikin kwalin da ta zo a ciki.